Yatsan da Inji Ya Kasa Karantawa

Ran Talata na kai kawuna Nomau Daura
a bayan babur, hularsa a hammata,
za a ɗauki zanen yatsansa don katin shaida.
Tun hantsi muke layi a gindin tsamiya.

Yarinyar ofis, Tasalla aka kira ta,
ta ce, "Baba, ɗora babban yatsa nan."
Ya ɗora. Gilashi ya kawo ja.
Ta goge da gefen mayafi, ya sake,
ta shafa masa mai, ta ce ya hura,
sau bakwai inji na cewa ba kowa.
Ya ce, "Ɗiyata, bar wahal da kanki,
abin da kike nema ya bi tsarkiya."

Ni na ji kunya. Shi ko a jikinsa.
Har muka wuce Sandamu yana waƙa,
iska na kaɗa masa 'yar taguwa,
kamar wanda ya ci riba a kasuwar jiya.

Bayan la'asar ya shiga ɗaki,
ya fito da gwangwanin madara mai tsatsa.
A ciki, cikin tsumma, zoben ƙaho,
baƙi wuluk, da leɓe a gefe guda.
Cindo ya sassaƙa shi a Mai'aduwa
shekarar da fara ta cinye gero.
Kuɗinsa zabi biyu ne da tsaba tiya,
har yau, in ji shi, bai gama biya ba,
don Cindo ya riga shi barin duniya.

Da shi ya tsare gonakin gyaɗa
damina arba'in, birai sun san shi.
Da shi ya biya wa Inna Kyauta
bashin kurar da ta ɗauke mata tunkiya.

Ya ce, "Miƙo hannu."
Yatsana sumul, ɗan gidan waya,
ba kanta, ba tabo, sai santsi.
Zoben ya zurma har gindi yana lilo.
Ya tsinko zare a bakin zane
ya naɗe, ya naɗe, har ya kama,
sannan ya zaro kyauro guda a kwari,
marar dafi, ya ce, "Wannan ta koyo ce,
ko ta same ka, za ka kwana lafiya.

"Gajeren baka ba ya son taro.
Babba shi kaɗai ke ɗaukar kaya,
manuni ya hau kansa kamar sakata,
sauran uku su yi shiru, baƙi ne.
Ja har kunne. Kar ka riƙe numfashi.
Kuma kar ka saki, yaro,
mai saki shi ke karkata hanya.
Ka dai mance kana riƙe da kibiya."

Na ja. Kafaɗa ta yi ƙara.
Na auna kututturen kuka a bayan danga.
Tsarkiya ta zabga mini mari a damtse,
kibiya ta yi tsalle uku kamar kwaɗo
ta faɗa akurkin maƙwabta.
Kaji suka watse da kururuwa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce, "To, ka fara. Je ka ba da haƙuri
kafin Lantana ta fito da muciya."

Katin bai fito ba har yau.
An rubuta a takarda: yatsa bai karantu ba.

Daren nan na haska tocila cikin zoben.
Inda fata ta shekara tana gugar ƙaho
akwai wasu layuka siri-siri, a murɗe.
Wataƙila jijiyar ƙahon ce kawai.
Ban tambaye shi ba, ya yi barci,
hannun dama a ƙirji, babba a lanƙwashe,
manuni a kansa, yana jiran asuba,
damtsena kuwa na ta zogi tun jiya.